Daga Sifawa Zuwa Shagari: Tarihin da Muke Wucewa a Bakin Hanya

 

Duk lokacin da hutun Sallah ko na ƙarshen mako ya zo, za ka ga 'yan uwanmu mazauna birane suna shirin kai iyalansu buɗe ido. Wani ya nufi Argungu, wani Kano, mai hali kuma ya tsallaka ƙasashen waje. Wannan ba laifi ba ne, domin tafiya mabuɗin ilimi ce. Abin da ke damun mai wannan rubutu shi ne, akasarinmu mun bi hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari ta nufi Tambuwal da Jega sau ba adadi, amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayar da mota domin su nuna wa 'ya'yansu abin da ke gefen wannan hanya. Alhali kuwa a wannan ɗan tsakanin aka tsara mulkin Daular Usmaniyya, a nan kuma aka haifi shugaban ƙasa na farko mai cikakken iko da jama'ar Najeriya suka zaɓa. Manufar wannan maƙala ita ce ta zaga da mai karatu waɗannan wurare, ta kuma faɗi dalilin da ya sa suka cancanci ziyara da kulawa.

Sifawa, mazaunin Shehu

Kafin a fahimci darajar Sifawa, sai an ɗan waiwaya baya. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. A watan Yunin shekarar aka gwabza a Tabkin Kwatto. Daga nan jama'a ta yi ta ƙaura cikin yunwa da wahala har ta sami zama a Gwandu. A 1808 Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi, babban yaƙi ya zo ƙarshe. A 1809 Muhammadu Bello ya fara gina Sakkwato, Shehu kuma ya baro Gwandu ya sauka a Sifawa wajen farkon 1810. A nan ya zauna har 1815, lokacin da ya koma Sakkwato, inda Allah ya yi masa rasuwa a watan Afrilun 1817.

Waɗannan shekaru biyar su ne shekarun natsuwa na farko da jama'ar Shehu ta samu tun bayan hijira. Takobi ya gama nasa aiki, saura na alƙalami. Tambayoyin da ke gaban jama'a a lokacin sun sha bamban da na zamanin yaƙi. Yaya za a naɗa alƙalai da masu riƙon ƙasa? Yaya za a yi da dukiyar da aka samu? Wane irin ado ya halatta ga shugaba, wane ne kuma ya zama koyi da sarakunan da aka kawar? A Sifawa Shehu ya zauna yana karantarwa yana amsa irin waɗannan tambayoyi, almajirai na zuwa daga kowace kusurwa. A wannan zamani ne ya wallafa littattafai irin su Sirajul Ikhwan da Najmul Ikhwan da Ta'alimul Ikhwan. A nan ne kuma, a 1812, ya raba ɗawainiyar tafiyar da daula gida biyu, ya ɗora wa ɗansa Muhammadu Bello gabas, ya ɗora wa ƙaninsa Malam Abdullahi yamma. Rabon da ya haifar da Sakkwato da Gwandu a matsayin cibiyoyi biyu, wanda ya ɗore har zuwan Turawa a 1903, daga wannan ƙaramin gari ya fito.

Saboda haka wanda ya je Sifawa, kada ya sa ran ganin dogayen benaye ko gine-ginen dutse. Abin da zai gani shi ne masallaci da mazaunin mutumin da ya riƙe ƙasa mai faɗi bai gina wa kansa fada ba. Wannan shi ne darasin da ya kamata uba ya nuna wa ɗansa a wurin. Ladabin ziyara kuwa shi ne a fara gaishe da dattawan gari, a nemi wanda zai yi jagora, a saurari abin da suka gada daga bakin iyayensu.

Boɗinga da Malam Abdullahi

Lokacin da Shehu yake Sifawa, ƙaninsa Malam Abdullahi ya kafa nasa zama a Boɗinga, tazarar da mutum zai taka da ƙafa ya je ya dawo. Duniya ta san shi da Abdullahin Gwandu, amma mu ya kamata mu riƙa tunawa cewa wasu daga cikin manyan ayyukansa na ilimi a shekarun zamansa a Boɗinga ya yi su. A 1813 ya kammala Tazyinul Waraƙat, littafin da ya tattara ƙasidunsa tare da labarin jihadi kamar yadda ya gan shi da idonsa. A 1816 kuma ya kammala Liya'ut Ta'awil, babban tafsirinsa na Alƙur'ani mai girma, wanda aka buga a Misira, har yau kuma malamai na karantar da shi a zaurukan ƙasar Hausa da wajenta.

Malam Abdullahi mutum ne mai tsananin gudun duniya. Tun ana tsakiyar yaƙi ya taɓa barin runduna da niyyar tafiya Makka, saboda ya ga son mulki da dukiya sun fara shiga zukatan wasu. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta masu Liya'ul Hukkam a kan ƙa'idojin mulki, sannan ya dawo.

Daga Boɗinga ne kuma ya hau doki ya nufi Sakkwato da ya sami labarin rasuwar Shehu a 1817. Masana tarihi sun ruwaito cewa ya tarar an rufe ƙofar gari, an riga an yi wa Muhammadu Bello mubaya'a. Bai ja daga ba, bai tara runduna ba, sai ya juya ya koma Gwandu. Bayan 'yan shekaru, da tawayen Kalambaina ya tsananta a kansa, Bello ya kawo masa ɗauki. Da suka haɗu bayan nasara, Bello ya yi niyyar sauka daga doki domin girmama baffansa, shi kuwa Malam Abdullahi ya hana shi, ya gaishe shi a matsayin Sarkin Musulmi. Da haka ɓarakar ta ɗinke, ya ci gaba da riƙon yamma har rasuwarsa a 1829. Duk ɗan ƙungiyar da ya taɓa ganin yadda neman shugabanci ke raba 'yan uwa, ya san nauyin abin da waɗannan bayin Allah biyu suka yi.

Hanyar da muke bi a mota yau ma tsohuwa ce. Ita ce ta haɗa Sakkwato da Gwandu, manzanni da fatake da malamai suka yi ta safara a kanta. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi ta Boɗinga a watan Mayun 1853 a kan hanyarsa ta zuwa Gwandu da Tambutu.

Kasuwanni da masu sana'a

Ziyarar da ba a shiga kasuwa ba, ba ta cika ba. Kasuwannin mako na Boɗinga da Danchadi da Kajiji da sauran garuruwanmu ba a kafa su domin 'yan yawon buɗe ido ba, kuma wannan ne ma daɗinsu. Maƙeri na kawo fartanya da lauje da gatari domin manomi ne zai saya. Mata na kawo faifai da tabarma da tukwane, Fulani na kawo nono da man shanu, ga dabbobi a kara, ga kayan fadama a lokacin rani. Mai son zuwa sai ya tambayi ranar da kowace ke ci, ya kuma yi sammako.

Waɗannan sana'o'i suna da nasu tarihi. A cikin Usulus Siyasa, wasiƙar da Muhammadu Bello ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya lissafa kula da masu sana'a, irin su manoma da maƙera da maɗinka da marina, da raya kasuwanni da hanyoyi, a cikin wajiban shugaba. Jar akuyar Sakkwato kuwa, wadda ake kiwo a gidajenmu, fatarta ce majema suka jeme, fatake suka ƙetara Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. A yau roba da kayan waje sun ci kasuwar badukku da magina tukwane. Ɗan birnin da ya sayi jakar fata ko faifai a hannun wanda ya yi shi, bai tsananta ciniki ba, ya taimaka wajen sa ɗan mai sana'ar ya ga dalilin koyon aikin ubansa.

Shagari

Daga Boɗinga, in aka wuce mararrabar Yabo, garin Muhammadu Moyijo, ɗaya daga cikin manyan mataimakan Shehu, sai a iso Shagari. Ahmadu Rufa'i ne ya kafa garin, zuriyarsa kuma ke riƙe da sarautar Magajin Shagari. A wannan gida aka haifi Alhaji Shehu Usman Aliyu Shagari ranar 25 ga Fabrairun 1925. Ya yi elementare a Yabo, ya yi Midil a Sakkwato, ya wuce Kwalejin Kaduna, ya fito ya zama malamin makaranta. An zaɓe shi ɗan Majalisar Wakilai a 1954, ya riƙe muƙaman minista a Jamhuriya ta Farko, aka kuma naɗa shi Turakin Sakkwato a 1962. Ya zama shugaban ƙasa ranar 1 ga Oktoban 1979, sojoji suka kifar da gwamnatinsa ranar 31 ga Disamban 1983. Bayan an sake shi daga tsare a 1986, garin nan aka maido shi. Ya rasu a Abuja ranar 28 ga Disamban 2018, aka yi masa sutura a Shagari washegari.

Akwai wani ɓangare na rayuwarsa da ya fi shafar ƙungiya irin tamu. Bayan juyin mulkin 1966, wannan tsohon minista ya dawo gida ya riƙe asusun raya ilimi na lardin Sakkwato, ya shiga ƙauyuka yana tara gudummawar jama'a ana gina makarantu. Wato aikin gayyar da muke kira a yi a yau, shi ya riga mu yi. Wanda ya je Shagari ya yi masa addu'a, sannan ya ƙarasa bakin madatsar ruwan garin da yamma, ya ga masunta da masu noman rani, ya sha iska kafin ya juyo.

Abin da ya rage gare mu

Ginin ƙasa ba ya jure damina sai da yaɓe, labarin baka kuma ba ya wuce ran mai riƙe da shi sai an rubuta. Duk dattijon da ya kwanta dama a Sifawa ko Boɗinga ba a ɗauki abin da ya sani ba, an yi asarar da ba ta da mayi. Don haka ina ba ƙungiya shawara uku. Ta farko, a kafa alluna da Hausa da Ajami a muhimman wurare, da izinin hakimai da dattawa, ɗauke da suna da shekara. Ta biyu, a sa ɗalibanmu na manyan makarantu su ɗauki muryoyin dattawa a lokacin hutu, a ajiye kwafi a gida, a kai wani Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Ta uku, a ware rana guda kowace shekara a kai 'yan firamare da sakandare wannan zagaye, a fara da Sifawa da safe, a ƙare a Shagari da la'asar. Kuɗin da wannan zai ci bai kai na walimar taron shekara ba.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Yaron da ya tsaya a inda Shehu ya karantar ba zai sake ɗaukar garinsu a matsayin ƙauyen da ake wucewa ba. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bar mana, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.