Ƙarin Lokaci a Ƙwallon Ƙafa: Tarihin Raba Canjaras

Ƙarin lokaci shi ne minti 30, kashi biyu na sha biyar-biyar, da ake ƙara wa wasan sili-ɗaya-ƙwale idan minti 90 ta cika ana kunnen doki. Daban yake da 'yan mintocin da alƙali ke biya saboda rauni ko canjin ɗan wasa.

A da, idan ƙarin bai raba gardama ba, sai a sake wasan wata rana, ko a jefa ƙuri'a. A gasar Turai ta 1968 da kwabo aka fitar da Tarayyar Sobiyet, Italiya ta wuce. A Alƙahira a 1974, Zayar da Zambiya sun tashi 2-2 a wasan ƙarshe na kofin Afirka, sai da aka koma fili bayan kwana biyu Zayar ta ci 2-0. Ƙuri'a kuwa ta fi komai ciwo, domin gumin mutum goma sha ɗaya ne ake miƙa wa sa'a. Bayan ƙuri'a ta kori Isra'ila a gasar Olamfik ta 1968, aka kai ƙorafi da shawara, hukumar dokokin wasa ta IFAB ta amince da bugun fenariti a 1970.

Fenariti ya kawo tasa matsalar. Ƙungiyar da ta san an fi ta ƙarfi sai ta tattaru a gida tana jiran bugu. Don maganin haka FIFA ta fito da "ƙwallon zinare" a 1993: wanda ya fara ci a ƙarin lokaci ya yi nasara nan take.

Wannan doka ta yi wa Najeriya rana. Ranar 31 ga Yulin 1996, a wasan kusa da na ƙarshe na Olamfik a Amurka, Brazil na gaba da 3-1. Victor Ikpeba ya rage, Nwankwo Kanu ya farke a minti na 90, sannan minti huɗu da shiga ƙarin lokaci ya sake zura ƙwallo, wasa ya mutu a wurin. Da a ce dokar yau ce, da saura minti 26 'yan Brazil suna kai hari. Tawagar, wadda ke da 'yan Kaduna irin su Tijjani Babangida da Garba Lawal da Daniel Amokachi, ta doke Ajantina 3-2 ta ɗauki zinare. Shi ya sa har yau a gidajen kallo ba a rasa mai shekaru da zai ce a dawo da dokar. Senegal kuwa ta ɗanɗani zuma da maɗacinta a kofin duniya na 2002: Henri Camara ya fitar da Siwidin da ita, Turkiyya ta fitar da Senegal da ita a zagaye na gaba.

Sai dai son da muke mata bai kamata ya rufe mana ido ba. Dokar ta ƙara tsoro ne maimakon ta rage shi, tunda kuskure ɗaya ba shi da gyara. UEFA ta gwada "ƙwallon azurfa", wadda ke barin a ƙarasa kashin da aka ci ƙwallon, Girka ta amfana da ita a 2004, kuma a shekarar aka soke duka biyun.

Fenariti ma ya bar mana tabo. A wasan ƙarshe na kofin Afirka a Legas a 2000, bugun Ikpeba ya daki turken sama ya tsallake layi, alƙali ya hana, Kamaru ta tafi da kofi. Kano Pillars ta ga fuska biyun: a 2018 a Asaba tana gaba da 3-0, Enugu Rangers ta farke duka ta doke ta a fenariti, a 2019 a filin Ahmadu Bello na Kaduna ta doke Niger Tornadoes 4-3 a bugu, ta ɗauki kofin ƙalubale karo na farko.

Muhawarar yanzu ta koma kan gajiyar 'yan wasa. Tun 2018 kofin Lig na Ingila ya cire ƙarin lokaci daga zagayen farko-farko, Super Cup na UEFA ya bi sahu a 2023. Masu son a soke shi suna cewa rabin awar ƙarshe jan ƙafa ce da ciwon jijiya. Akwai gaskiya a ciki, amma wasan ƙarshe na kofin duniya na 2022, inda Messi da Mbappé kowa ya ci a ƙarin lokaci, hujja ce mai ƙarfi ta a bar shi aƙalla a manyan wasanni. A filayen ƙauye da ba fitila kuwa, inda ake take leda bayan la'asar, magariba ce ke yanke hukunci: ana tashi canjaras sai a wuce fenariti kai tsaye, tun gola yana iya ganin ƙwallo.