Daga Akushi Zuwa Gado Ɗan Italiya

Duk wadda ta taɓa zuwa jere a unguwar Malali da ke Kaduna ta san maganar da ke rufe bakin dangin ango: "Ai gadon ɗan Italiya ne." Sai a shafa furannin da ke kan allon gadon, a gyaɗa kai. Kaɗan ne ke tambayar daga ina furannin nan suka taso.

Asalinsu ma ɗakin amarya ne. A birnin Fulorans na Italiya, tun ƙarni na 15, attajirai kan sa a yi wa amarya wata babbar adaka da suke kira kasone, a zuba kayanta ciki, a ratsa gari da ita zuwa gidan miji jama'a na kallo, kamar dai yadda muke kai kayan ɗaki. Da fari zane ake yi mata da fenti. A ƙarni na 16 sassaƙa ta karɓe: ganyaye, kawunan zaki, ƙafafu masu farce. Firam ɗin madubi da mazaunin kyandir kuwa, bayan an sassaƙa sai a shafe su da alli da danƙo, a manna zinariya wadda ba ta kai fatar albasa kauri ba. Masassaƙi Andrea Brustolon, wanda ya rasu a 1732, har yau ana zuwa Benis kallon kujerunsa.

Mu ma a wancan zamani ba mu rasa masassaƙa ba. Da gizago suke fitar da turmin ƙirya, da akushi, da kujerar tsugunno, kuma a ɗakin kakanninmu akushi da ƙwarya su ne ado. Langa da gadon ƙarfe mai rumfa suka ture su, fomeka ta biyo baya.

Malali ta cika ne daidai lokacin da kuɗin mai suka zo. An buɗe Kwalejin Gwamnatin Tarayya a unguwar a 1973, gidajen ma'aikata suka bazu, ƙarin albashin Udoji ya shigo hannu a 1975. Ɗaki ya koma falo, falo kuma yana son kujeru. Masu hali suka yi odar saiti daga Italiya, mai ruwan gwal da madubi mai rawani. Kafintocin Panteka suka duba, suka kwaikwaya da maɗaci, wasunsu kuwa hannunsu ya faɗa ƙwarai.

Abin da ke ci mini rai shi ne na yanzu. Yawancin abin da ake kira ɗan Italiya a yau daga Sin ko Turkiyya yake, jikinsa garin katako ne da aka matse, furanninsa roba ce aka zuba a mazubi. Damina biyu ta Kaduna ta isa ta kumbura shi. Madobiyarmu kuwa, itacen da ya dace da sassaƙa, gungume-gungume aka yi ta lodinta zuwa Sin, har sai da aka sa ta cikin itatuwan da duniya ke taƙaita cinikinsu a 2017.

Italiyawa sun adana adakokin kakanninsu, shi ya sa suke da tsada. Mu namu akushin, sai yaro ya je gidan tarihi na titin Ali Akilu kafin ya ga irinsa. Iyayen amare, in kuɗin saiti ya samu, a nemi kafintan da ke da kurfi a hannu, a ba shi maɗaci na gaske, a kuma biya shi haƙƙinsa.