Sa'a ko Shiri? Nazari kan Yadda Aka Daƙile Annobar Ebola a Najeriya a 2014

Tsakure

Maƙalar ta nazarci dalilin da ya sa cutar Ebola ta tsaya a kan mutum 20 a Najeriya, alhali a Gini da Laberiya da Saliyo ta kama fiye da mutum 28,000 ta kashe sama da 11,000. An gano cewa bibiyar waɗanda suka yi cuɗanya da masu cutar ita ce ta katse yaɗuwar, kuma abin da ya faru a Fatakwal ya rushe da'awar masu cewa sa'a ce kawai.

Gabatarwa

An fara gano ƙwayar Ebola a 1976 a Yambuku da ke Zayar (Kwango a yau) da kuma Nzara a kudancin Sudan. Tana yaɗuwa ta hanyar taɓa jini ko amai ko zawo ko gawar mai cutar. Alamominta na bayyana tsakanin kwana 2 zuwa 21, kuma mutum ba ya yaɗa ta sai ya fara jin jiki. A kan wannan siffa ta ƙarshe hujjar wannan bincike ta ginu: idan aka san wanda ya taɓa maras lafiya, aka killace shi ranar da zazzaɓi ya fara, cutar ba ta da hanyar wucewa gaba.

Waiwaye

Masu bayanin abin da ya faru a Najeriya sun kasu gida biyu. Na farko suna yaba wa tsarin da aka kafa. Na biyu, waɗanda da su muke jayayya, suna cewa ƙasar ta taki sa'a ne. Hujjarsu ita ce Patrick Sawyer, ɗan Laberiya da ya sauka Legas ranar 20 ga Yuli 2014, ya iso a galabaice, sai aka zarce da shi asibiti bai shiga gari ba. Sun ƙara da cewa likitocin gwamnati na yajin aiki a lokacin, shi ya sa aka kai shi asibitin kuɗi na First Consultant maimakon babban asibiti mai cunkoso, kuma a First Consultant ɗin ne Dakta Ameyo Stella Adadevoh ta hana shi fita. Duk wannan gaskiya ne. Kuskurensu shi ne sun tsayar da labarin a Legas, kamar a nan cutar ta ƙare.

Hanyar Bincike

An yi amfani da rahotannin Hukumar Lafiya ta Duniya da na hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, aka jera aukuwar cutar bisa kwanan wata, sannan aka kwatanta da ɓarkewar Kwango ta 2018 da ta Yuganda ta 2022.

Sakamako da Tattaunawa

Sawyer ya rasu ranar 25 ga Yuli. Daga cikin mutum 20 da suka kamu, 8 sun mutu, ciki har da Dakta Adadevoh, kuma 11 ma'aikatan lafiya ne. Cibiyar ɗaukin gaggawa da aka buɗe a Legas ƙarƙashin Dakta Faisal Shuaib ta ɗauko salonta da wasu ma'aikatanta daga cibiyar yaƙi da shan inna, wadda ta saba bin yara gida-gida a jihohin Arewa. Jami'an sun rubuta sunayen mutum kusan 900, suka kai ziyarar ido da ido kimanin 18,500, suna auna zafin jikin kowa kullum har kwana 21.

Fatakwal ita ce ma'aunin gaskiya. Wani daga cikin waɗanda ake sa wa ido ya sulale daga Legas zuwa can, wani likita ya yi masa magani a ɓoye a otal. Likitan ya kamu, ya ci gaba da duba marasa lafiya bayan alamomi sun bayyana, 'yan'uwa da abokai suka yi ta zuwa dubiya, har ya rasu a watan Agusta. A nan babu filin jirgin da ya tare kowa, babu yajin aikin da ya kare kowa. Cutar ta samu duk damar da ta samu a Manrobiya, babban birnin Laberiya. Amma an bibiyi kashi 99.8 cikin ɗari na waɗanda suka yi cuɗanya, kuma mutane ƙalilan ne suka kamu. Idan sa'a ce ta ceci Legas, me ya ceci Fatakwal? Ranar 20 ga Oktoba, bayan kwana 42 ba sabon kamu, aka ayyana Najeriya ta rabu da cutar.

Kwatancen ya ƙarfafa wannan. A gabashin Kwango, daga 2018 zuwa 2020, an yi wa mutum fiye da 300,000 allurar rigakafi, duk da haka sama da 2,200 suka mutu, domin rikici da rashin yarda sun hana jami'ai sanin wa ya taɓa wa. Ita kanta allurar ana yin ta ne ga waɗanda ke cikin jerin masu cuɗanya, don haka in babu jerin, amfaninta ya ragu. Yuganda kuwa ta fuskanci nau'in Sudan, wanda ba shi da allurar da aka amince da ita, amma ta kawo ƙarshensa a Janairun 2023 ta hanyar bibiya da killacewa.

Iyakokin Bincike

Adadin mutum 20 ƙarami ne, kuma binciken ya dogara da rahotannin hukumomin da su ne suka gudanar da aikin. Haka nan bai auna tasirin jita-jita ba, irin ta shan ruwan gishiri da ta bazu a Agustan 2014. Waɗannan ba su canza jerin abubuwan da suka faru a Fatakwal ba.

Kammalawa

Sa'a ta ba Najeriya 'yan kwanaki, ma'aikatan da aka riga aka horar su ne suka yi amfani da su. Ba a fafe gora ranar tafiya. Muna ba da shawarar jihohi su riƙe jami'an sa ido na shirin shan inna cikin kasafin kuɗinsu, da albashi da abin hawa, kuma a riƙa gwada ƙwarewarsu a kan zazzaɓin Lassa da ke ɓulla duk shekara.