Mary Sumner, wadda ta kafa Ƙungiyar Iyaye Mata

An haifi Mary Elizabeth Heywood ranar 31 ga Disamba, 1828, a Swinton kusa da Manchester, a ƙasar Ingila. Mahaifinta ma'aikacin banki ne mai wadata. Mahaifiyarta kuwa takan tara matan unguwa a gida domin addu'a da koyarwa, Mary kuma ta tashi tana ganin haka. A 1848 ta auri George Sumner, ɗan bishop na Winchester. A 1851 aka ba shi ikilisiyar ƙauyen Old Alresford, inda suka yi fiye da shekara 30. Allah ya ba su 'ya'ya uku.

Sai da ta yi jika aikin da aka san ta da shi ya fara. A 1876, da 'yarta Margaret ta haihu, Mary ta tuna yadda nauyin renon ɗa ya tsorata ta a haihuwarta ta fari, ba wanda ya shirya ta dominsa. Sai ta kira matan ikilisiya zuwa gidan fasto, matan masu kuɗi da matan leburori a ɗaki guda. A Ingila ta zamanin nan wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da matan suka taru, tsoro ya kama ta har ta kasa buɗe baki, mijinta ne ya yi magana a madadinta. Bayan mako guda ta sake kiransu, ta yi jawabin da kanta.

Koyarwarta ba ta da wuya. Uwa ta riƙe alkawarin da aka yi ranar baftismar ɗanta, ta yi addu'a tare da shi kullum, ta koya masa gaskiya da biyayya ta wurin halinta. Ta buga waɗannan a ƙananan katuna domin mata su ajiye a gida.

Shekara 9 ƙungiyar ba ta wuce ƙauyen ba. A 1885, a taron ikilisiya na Portsmouth, Bishop Ernest Wilberforce ya roƙe ta ta yi wa mata magana. Daga nan bishop na Winchester ya karɓi ƙungiyar a dayosis ɗinsa duka. Zuwa 1892 membobi sun kai 60,000 a dayosis 28. A 1896 aka kafa majalisar tsakiya, ita ce shugaba ta farko, a 1897 kuma Sarauniya Victoria ta zama uwar ƙungiya. Mary ta sauka a 1909, shekarar da mijinta ya rasu.

Ta rasu a watan Agusta 1921 tana da shekara 92, aka binne ta a harabar babbar majami'ar Winchester. Yau membobi sun kai wajen miliyan 4 a ƙasashe fiye da 80, mafi yawansu a Afirka da Indiya. A ikilisiyoyin Angalikan na Nijeriya, har da na Kaduna, Kano, Jos da Wusasa, matar bishop ce bisa al'ada ke jagorantar ƙungiyar a dayosis. Ana tunawa da Mary Sumner ranar 9 ga Agusta kowace shekara.