Sunayen Turawan Ingila a Bakin Kanawa

Tsofaffin sunayen zuri'a na Ingila sun yi ƙaurin suna wajen saɓani tsakanin rubutu da furuci. Ana rubuta Cholmondeley, a furta "Camli". Beauchamp kuwa, da ya samo asali daga Faransancin Normawan da suka ci Ingila a 1066, "Bicam" ake cewa. Furuci ya yi ta gajarcewa, rubutu ya tsaya cik.

Da sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland suka shiga birnin Kano ranar 3 ga Fabrairu 1903, Kanawa ta kunne suka fara sanin sunayen Turawa. Hausa ba ta rufe kalma da baƙaƙe biyu a jere, shi ya sa sunan shugaban Turawan, Lugard, ya koma Lugga.

Galibi ma laƙabi ake sa wa Bature, kuma laƙabin ya fi sunan bayyana mutumin. Featherstone Cargill, Razdan na farko a Kano, shi ne Mai Gunduma, saboda rarraba ƙasar gunduma-gunduma. Bryan Sharwood-Smith ya zama Mai Wandon Ƙarfe. Hanns Vischer, haifaffen Suwizalan da ya buɗe makarantar boko a Nassarawa a 1909, Ɗan Hausa ake kiransa, gidansa kuma har yau Gidan Ɗan Hausa ne.