Daga Kaset Mai Ruwan Ɗorawa Zuwa Burauza

Duk wanda ya tashi a unguwannin Kakuri, Makera ko Sabon Tasha a shekarun 1990, kafin masaƙu su durƙushe, zai tuna na'urar gem da ake jonawa da talabijin, da kaset mai ruwan ɗorawa wanda aka rubuta masa wasanni dubbai alhali 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa. Yawancin na'urorin nan ba Nintendo ne ya ƙera su ba. Kwafi ne na Famicom, wadda kamfanin ya fitar a Japan a 1983, masana'antun Taiwan da Sin suka yi ta buga su da araha. Ke nan tun fil azal ta hanyar kwaikwayo Mario da Contra suka shigo gidajenmu, kuma buga su a burauza yau ci gaban wannan tarihin ne.

Bambancin shi ne, a da ƙarfe ake kwaikwaya da ƙarfe, yanzu kuwa manhaja ce ke shiga rigar na'urar. Tana karanta umarnin da ke cikin wasan ɗaya bayan ɗaya, ta aikata abin da ƙwaƙwalwar tsohuwar na'urar za ta aikata, har wasan ya gudana kamar yana gidansa. A 1997 Nicola Salmoria, ɗan Italiya, ya fitar da irin wannan manhaja mai suna MAME da niyyar adana wasannin da injinansu ke lalacewa. Sai dai a lokacin dole mutum ya mallaki kwamfuta, ya sauke manhaja, ya iya saita ta, burauza kuma ba ta da ƙarfin ɗaukar wannan nauyi. Da JavaScript ya ƙara sauri, Ben Firshman ya rubuta JSNES, manhajar kwaikwayo mai aiki a burauza, a 2009. Daga baya Emscripten na Alon Zakai ya ba da damar juya tsofaffin manhajojin C su yi aiki a shafin intanet. Da shi Internet Archive ta buɗe shafin wasanni na Console Living Room a ƙarshen 2013, sannan Internet Arcade a 2014 da wasanni kusan 900. Zuwan WebAssembly a 2017 ya rage sauran jan ƙafar. Ga matashin Narayi mai lissafin data, abin lura shi ne Super Mario Bros gaba ɗayansa kilobayit 40 ne, bai kai hoto guda na WhatsApp ba.

Masu cewa wannan sata ce suna da hujja, domin wasannin suna da masu su, kuma a 2018 Nintendo ya maka masu shafin LoveROMs a kotu har suka amince da biyan sama da dala miliyan 12. Amma a rarrabe tsakanin manhajar kwaikwayo da wasan da ake ɗora mata. A 2000 kotun ɗaukaka ƙara a Amurka ta ba Connectix gaskiya a kan Sony game da manhajar Connectix mai kwaikwayon PlayStation. Sannan binciken Video Game History Foundation na 2023 ya gano kashi 87 cikin 100 na tsofaffin wasannin da aka fitar a Amurka ba a sayar da su a lokacin. Wasan da mai shi ya daina sayarwa, kaset ɗinsa kuma yana cin tsatsa, ina ɗan Barnawa zai same shi ko da kuɗi a hannu? Wanda har yanzu yake kasuwa, a saya a biya mai shi haƙƙinsa. Sauran kuwa, masu adana su a burauza sun cancanci doka ta ba su kariya.