Dala Goma da Gidaje Shida: Tarihin Agajin Haiti

Da yammacin Talata, 12 ga Janairu, 2010, ƙasa ta girgiza a Haiti da ƙarfin maki 7.0, kimanin kilomita 25 yamma da Port-au-Prince, babban birnin ƙasar. Cikin ƙasa da minti guda fadar shugaban ƙasa ta rufta, haka ma majalisar dokoki, babbar majami'ar birnin da hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya. Gwamnati ta ce mutane fiye da 200,000 sun rasu, kimanin miliyan ɗaya da rabi kuma sun rasa matsuguni. Ina yaro sa'ad da wannan ya faru, amma da na karanta tarihin abin da ya biyo baya, tambaya ɗaya ta tsaya mini a rai: yaya aka yi duniya ta buɗe hannu haka, amma waɗanda aka tara dominsu suka daɗe a cikin tantuna?

Babu mai musun cewa mutane sun yi kyauta. A Amurka, ya ishe mutum ya aika kalmar HAITI zuwa lamba 90999 ta wayar hannu, sai a cire masa dala 10 a miƙa wa ƙungiyar Red Cross ta ƙasar. Ta wannan hanya kaɗai an tara fiye da dala miliyan 30, jimillar abin da ƙungiyar ta samu kuwa ta kusa rabin biliyan. A ranar 22 ga Janairu mawaƙa da 'yan fim suka gudanar da gidauniya a talabijin, aka samu fiye da dala miliyan 50. A ƙarshen Maris ƙasashe suka hallara a New York suka yi alkawarin fiye da dala biliyan 5 na shekarun farko. Ko Senegal, da nata talaucin, ta karɓi ɗaliban Haiti fiye da 150 a Dakar, bayan Shugaba Abdoulaye Wade ya tunatar da cewa kakanninsu daga Afirka aka kwashe su.

Kuɗin nan sun ceci rayuka: an yi wa masu karaya aiki, an raba ruwa, abinci da tamfol. Matsalar ta bayyana ne da aka zo sake gini. Alƙaluman ofishin wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya na musamman sun nuna cewa abin da ya shiga hannun gwamnatin Haiti daga agajin gaggawa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Mafi yawa ya bi ta hannun hukumomin duniya, sojojin ƙasashen da suka bayar, da 'yan kwangila na waje. An sha yin tarurrukan tsara agaji da Turancin Ingilishi, a ƙasar da jama'arta ke magana da Kiriyol da Faransanci. A 2015 binciken kafofin ProPublica da NPR ya gano cewa gidaje na dindindin da Red Cross ta Amurka ta gina shida ne kacal. Ƙungiyar ta kāre kanta da rikicin mallakar filaye, ta kuma lissafa matsugunan wucin gadi da ayyukan lafiya da ta yi. Uzurin yana da ƙamshin gaskiya, sai dai yana tona asirin wani abu: baƙo ne ya zo gyara gida bai san inda iyakar gona take ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ya fi ciwo ya zo a Oktoban 2010, lokacin da kwalara ta ɓarke a gaɓar kogin Artibonite. Bincike ya danganta ta da ƙazantar sansanin dakarun kiyaye zaman lafiya da suka zo daga Nepal. Mutane fiye da 800,000 suka kamu, kusan 10,000 suka mutu. Sai a Disamban 2016 Sakatare Janar Ban Ki-moon ya nemi afuwar mutanen Haiti.

Masu agaji sun ce sun kauce wa gwamnati ne saboda rauninta da zargin cin hanci. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagewar wannan bango tana da tarihi. Bayi ne suka ƙwaci 'yancin Haiti a 1804. A 1825 Faransa ta tilasta mata biyan diyyar faran miliyan 150 ga tsoffin iyayengijin bayi, bashin da ya tsotse baitulmalinta tsawon zamani. A shekarun 1990 aka matsa mata ta sassauta harajin shinkafar waje, manoma suka kasa gogayya, suka kwararo birni suka yi gini a kan gangaren duwatsu. Bill Clinton da kansa ya amsa a Maris 2010 cewa manufar kuskure ce. Makonni shida bayan bala'in Haiti, girgiza mai maki 8.8 ta auka wa Chile, mamata suka tsaya a wajen 500, domin akwai dokar gini da hukumar da ke tabbatar da ita. Kauce wa hukumomin Haiti, a ganina, ƙara raunana su ya yi.

Ba na kira ga kowa ya naɗe hannu. Jan hankalina shi ne cewa sauƙin bayarwa ya sa mai bayarwa ya ɗauka aikinsa ya ƙare da aika saƙo. Dala goma amana ce, amana kuwa ana bin sawunta. Duk wanda zai ba da gudunmawa bayan wani bala'i yana da haƙƙin ya tambaya: wa zai riƙe kuɗin, nawa zai shiga hannun mutanen wurin, kuma wa za a tuhuma bayan shekara biyar? A Haiti an yi waɗannan tambayoyi, amma bayan an riga an kashe kuɗin.